Sharhi a Kan Horon Bayan Digiri ga Malaman Yara Masu Baiwa: Tsarin Konetikat da Abin da Bincikensa ya Tona

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne yin sharhi a kan irin horon da jami'a takan bai wa malamin da ya riga ya sami digiri na farko, kuma yake neman ƙwarewa wajen koyar da yara masu baiwa. Ba za mu bi jami'o'i ɗai-ɗai ba. Mun ɗauki tsari guda, watau wanda Farfesa Joseph Renzulli da abokan aikinsa suka gina a Jami'ar Konetikat ta ƙasar Amurka. Dalilinmu biyu ne. Na farko, yana cikin tsare-tsaren da suka fi yaɗuwa, har da wuya ɗalibin wannan fanni ya gama karatu bai haɗu da shi ba. Na biyu, mutanen wannan jami'a da kansu suka gudanar da binciken da za mu dogara a kansa wajen auna su, saboda haka ba da mudun wani za mu yi musu awo ba.

Abin da muke son nunawa shi ne, wannan horo ya gwanance wajen koya wa malami yadda zai gane yaro mai baiwa, da yadda zai sama masa sarari a cikin lokacin makaranta, amma ya yi sakaci da abin da za a zuba a cikin sararin, watau zurfin ilmin malamin a fannin da yake koyarwa.

Kafin mu shiga, ya kamata mu daidaita kalmomi. A nan za mu riƙa cewa "mai baiwa" ga yaron da ya zarce tsararrakinsa nesa ba kusa ba a wani fage na koyo. Mun san kalmar tana da nata nauyin a bakin Bahaushe, domin baiwa kyauta ce wadda mutum bai nema ba, alhali kuwa "hazaƙa" da "ƙwazo" da "fasaha" kowace tana nuni ga wani abu dabam. Za mu ga cewa wannan bambanci da Hausa ta riga ta yi shi ne ainihin abin da masanan Amurka suka daɗe suna gardama a kansa.

Tushen da aka yi gini a kai

A shekarar 1921 Lewis Terman na Jami'ar Stanford ya fara bin rayuwar yara kimanin 1,500 a jihar Kalifoniya, waɗanda suka ci maki mai yawa a gwajin basira. Abu biyu daga aikinsa sun shafi malamai. Ɗaya shi ne, malaman aji ya fara tambaya su nuna masa haziƙansu, sa'an nan ya gwada waɗanda aka nuna. Daga baya shi da kansa ya lura cewa, in ana neman wanda ya fi kowa basira a aji, ɗaukar mafi ƙarancin shekaru ya fi dacewa da a bi zaɓen malami. Ɗayan kuma shi ne, yara biyu da gwajin ya zubar, William Shockley da Luis Alvarez, su ne suka zo suka ci kyautar Nobel a kimiyyar fizik, a 1956 da 1968, abin da ko ɗaya daga cikin zaɓaɓɓun bai samu ba. Ke nan tun ran gini aka ga zanen: idon malami yana kuskure, gwaji ma yana kuskure.

A wannan zamani ne Leta Hollingworth take koyarwa a Kwalejin Malamai ta Jami'ar Kolombiya a birnin Niyok, kuma littafinta na 1926 shi ake ɗauka littafin koyarwa na farko a wannan fanni. Ita ba daga nesa ta yi nazari ba, ta kafa azuzuwa ta zauna da yaran. Ita ce ta yi kukan cewa yaro mai basira ƙwarai yana ɓata rabin lokacinsa ko fiye a ajin gama-gari yana jiran sauran.

Rahoton Marland, wanda aka buga a 1972 bayan an miƙa shi ga majalisar dokokin Amurka, ya faɗaɗa ma'anar baiwa zuwa fage shida, ya kuma ƙiyasta cewa aƙalla kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari na 'yan makaranta sun shiga ciki. Wani abin mamaki a rahoton shi ne, fiye da rabin shugabannin makarantun da aka tambaya sun ce ba su da yaro mai baiwa ko ɗaya. Wannan amsa ita ta ƙarfafa hujjar masu neman a buɗe darussan bayan digiri, domin wanda bai ga abu ba ba zai yi masa tanadi ba.

Tsarin Renzulli

Renzulli ya shigo da ra'ayinsa a 1978. A ganinsa maki a gwajin basira shi kaɗai bai isa a kira mutum mai baiwa ba. Ya zana zobba uku masu shiga juna: basira wadda ta ɗara matsakaici, da naci a kan aiki, da ƙirƙira. Inda ukun suka haɗu, nan ne halin baiwa yake bayyana, kuma yakan bayyana ne a wasu mutane, a wasu lokuta, cikin wasu yanayi. Mai jin Hausa zai ce, ai wannan hazaƙa ce da ƙwazo da fasaha. Lalle kuwa haka ne, kuma muna ganin wannan shi ne mafi kyawun abin da tsarin ya kawo, saboda ya cire baiwa daga zama tambarin da ake buga wa yaro sau ɗaya, ya mai da ita abin da makaranta take iya rayawa ko kashewa.

A kan wannan ya gina hanyar koyarwa mai hawa uku. A hawa na farko ana buɗe wa yara ido ta hanyar baƙi masu jawabi da ziyarce-ziyarce da nune-nune. A na biyu ana koya musu dabarun tunani da na bincike. A na uku kuwa, yaro ko 'yar ƙungiyar yara sukan ɗauki wata matsala ta gaske su yi aiki a kanta kamar yadda masanin fannin zai yi, har su fito da abin da za a kai gaban jama'a. Maimakon a zaɓi kashi 3 ko 5, tsarin ya ce a buɗe ƙofa ga kashi 15 zuwa 20, yaro ya shiga hawa na uku in sha'awarsa ta motsa, ya fita in ya gama. Daga baya, tare da Sally Reis, aka faɗaɗa shi ya game makaranta baki ɗaya. Ta fuskar horon malamai, jami'ar ta kafa taron bita na shekara-shekara tun 1978, ta kuma tsara digiri na biyu wanda malami mai aiki zai yi a cikin babban hutu uku ba tare da ya bar ajinsa ba.

Ba mu da ja a kan cewa horo irin wannan yana canza malami. A 1994 Hansen da Feldhusen na Jami'ar Purdue sun kwatanta malamai 82, wasu sun yi darussan bayan digiri a fannin, wasu ba su yi ba, suka tarar waɗanda aka horar sun fi iya koyarwa, kuma ajinsu ya fi armashi. Sai dai a lura, abin da aka auna shi ne halin malami a gaban masu sa ido, da ra'ayin yaran game da ajin. Ba a auna yawan lissafi ko kimiyya ko tarihin da yaran suka ƙaru da shi ba. Wannan giɓi ba ƙarami ba ne, kuma za mu sake cin karo da shi.

Abin da binciken ya tona

Bayan dokar Javits ta 1988, gwamnatin tarayyar Amurka ta ba da kuɗi aka kafa cibiyar bincike ta ƙasa a kan masu baiwa a 1990, hedkwatarta a Konetikat, Renzulli kuma shi ne shugabanta. A 1993 cibiyar ta fitar da rahotanni waɗanda, a ganinmu, sun fi duk wata suka da wani na waje zai yi ƙarfi.

A ɗaya daga cikinsu, Westberg da abokan aikinta sun zauna a azuzuwa 46 na aji uku da aji huɗu na firamare, suna kallon abin da ake yi da yaran da aka riga aka san masu baiwa ne. Suka tarar a kashi 84 cikin ɗari na ayyukan aji, ba a bambanta musu komi ba. Abin da aka ba kowa shi aka ba su. Wani binciken na tambayoyi ya nuna fiye da rabin malaman waɗannan azuzuwa ba su taɓa samun horo a fannin ba. Ma'anar wannan ita ce, mai digiri na biyu yana can ofishinsa ko ɗakinsa na musamman yana ganin yaro na 'yan sa'o'i a mako, sauran kwanakin kuwa yaron yana hannun wanda ba a horar ba.

Rahoton da ya fi jan hankalinmu shi ne na Reis da abokan aikinta a kan matse manhaja. Dabarar ita ce, malami ya gwada yaro tun kafin a fara babi, ya gano abin da ya riga ya sani, ya ɗauke masa shi, sa'an nan ya ba shi wani aiki a madadinsa. Da aka ba malamai fiye da 400 ɗan gajeren horo, sai ga shi kusan dukkansu sun iya gane haziƙan ajinsu, kuma sun iya ɗauke musu kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari na aikin shekara a wasu darussa ba tare da makin yaran ya faɗi ba. An yi ta yayata wannan sakamako, kuma ya cancanci a yayata shi. Amma a cikin rahoton nan guda akwai wani bayani da ba a cika ambato ba, watau aikin da malaman suka ba yaran a madadin wanda aka ɗauke, sau da yawa bai kai zurfin da ya dace da su ba. An share gona, an yi huɗa, iri ne babu.

To, a nan ne muke son mahalarta wannan taro su tsaya tare da mu. Gane yaro da ɗauke masa maimaici dabaru ne da ake koya cikin 'yan kwanaki, binciken ya tabbatar. Abin da bai koyu cikin 'yan kwanaki ba shi ne sanin me za a ba ɗan shekara tara wanda ya gama da kasafi da ɓangarorin lamba. Malamin da iliminsa na lissafi ya tsaya inda littafin aji shida ya tsaya, abu biyu kawai yake iya yi: ya ƙara wa yaron irin tambayoyin da ya riga ya iya, ko ya ba shi wasan wasa ƙwaƙwalwa ya rage lokaci. Wanda ya san lissafi kuwa zai iya tambayarsa, me ya sa in aka tara lambobin mara, watau 1 da 3 da 5 da 7, a jere, kullum amsar takan zama wata lamba da aka ninka da kanta? Tambaya ce ta layi ɗaya, ba ta bukatar kayan aiki, amma tana kai yaro bakin ƙofar hujja, wadda ita ce zuciyar lissafi. Kuma in yaron ya dawo da wata hanya wadda ba ta cikin littafi, sai mai zurfi ne zai san ko daidai ce ko kuskure ne mai kyau. Babu darasin ma'anar baiwa ko na gwaje-gwaje da zai ba malami wannan.

Adalci ne mu ce Renzulli bai jahilci matsalar ba. Amsarsa ita ce, a hawa na uku ba dole malami ya zama masanin fannin ba, aikinsa shi ne ya haɗa yaro da masani na waje, da littattafan da ke nuna yadda masana suke aiki. Amsa ce mai ma'ana a garin da ke da jami'a da laburare da gidan tarihi da iyaye injiniyoyi. Amma ta mai da malami dillali, kuma dillali ba ya cin kasuwa sai akwai kaya. Bugu da ƙari, ko zaɓen littafin da ya dace da tantance masanin da ya dace suna bukatar sanin fannin.

Wasu hanyoyi biyu

Don kada a ce babu wata hanya, bari mu duba biyu a taƙaice. A 1971 Julian Stanley ya fara aikinsa a Jami'ar Johns Hopkins, inda ya riƙa ba yara 'yan shekara 12 da 13 jarrabawar lissafi ta shiga jami'a, waɗanda suka yi fice kuma a haɗa su da masu ilmin lissafi su bi manhaja da sauri gwargwadon ƙarfinsu. Nazarin Kulik da Kulik na 1984, da babban rahoton da Jami'ar Ayowa ta fitar a 2004, duk sun nuna cewa gaggauta karatu yana cikin hanyoyin da suka fi tabbataccen amfani, amma makarantu suna gudunsa. Muna zaton wani ɓangare na gudun yana da nasaba da abin da muka faɗa: in ka bar yaro ya yi gaba, dole a sami wanda zai tarbe shi a can.

Ta biyun daga Tarayyar Sobiyet take. A 1963 aka buɗe makarantar kwana ta lissafi da fizik a Mosko a ƙarƙashin jami'ar birnin, wadda ake kira da sunan Andrei Kolmogorov. Shi da kansa, ɗaya daga cikin manyan masana lissafi na ƙarni na 20, yakan shiga aji ya koyar, tare da malaman jami'a da ɗalibansu. Ba mu kawo wannan don yabon tsarin siyasar da ya haife ta ba, kuma ba mu ce kowane masani ya iya koyar da yaro ba. Abin lura kawai shi ne, can daga fanni aka faro, aka doshi yaro, a Konetikat kuwa daga yaro aka faro, aka bar fanni ga sa'a.

Akwai kuma batun wa yake tsaron ƙofa. Grissom da Redding sun nuna a 2016 cewa baƙaƙen yara a Amurka, ko da makinsu ya yi daidai da na farare, ba su cika shiga shirin masu baiwa ba in malaminsu ba baƙi ba ne. A shekarar nan kuma Card da Giuliano suka ba da rahoton wata babbar gunduma a jihar Fulorida, inda aka daina jiran zaɓen malamai da iyaye, aka gwada kowane ɗan aji biyu, sai yawan 'ya'yan talakawa da na marasa rinjaye da aka gano ya ƙaru ƙwarai. Shekaru 95 bayan Terman, idon malamin aji yana nan da makantarsa, kuma digirin da aka ba wani malamin dabam bai warkar da ita ba.

Inda abin ya shafe mu

Nijeriya ba 'yar kallo ba ce a wannan zance. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ambaci yara masu baiwa, ta sa su a babin ilmi na musamman tare da naƙasassu. A shekarar aka kafa kwalejin horon malaman ilmi na musamman a Oyo. A 1986 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta fitar da tsarin ilmin masu baiwa, makarantar Suleja kuma ta buɗe a 1990. Tun da aka ajiye fannin a babin ilmi na musamman, can ne horonsa na bayan digiri ya sami mazauni a jami'o'inmu, kamar Ibadan. Ba mu raina wannan sashe ba. Amma a duba, mai koyar da makaho ko kurma dabarar isar da manhaja yake bukata, manhajar tana nan yadda take. Mai koyar da mai baiwa kuwa manhajar ce take ƙare masa. Haɗa su a sashe guda ya sa aka yi wa na biyu ɗinkin rigar na farko.

In kuwa dillancin da Renzulli ya dogara a kansa yana da rauni a Amurka, ina ga makarantar da ke nesa da jami'a, ba laburare, aji ɗaya yara fiye da yadda malami zai iya riƙe sunayensu? A irin wannan wuri malami shi ne laburaren, shi ne masanin na waje. Har wa yau ga matsalar harshe. Jarrabawar da ake zaɓen yara da ita da Turanci ake yin ta, saboda haka yaron da ke lissafin kuɗin kasuwa da ka cikin Hausa, ko yarinyar da ke ƙaga waƙa nan take, suna iya faɗuwa tun a karatun tambaya. Malamin da za mu horar dole ya iya ganin baiwa a harshen da ta fara bayyana.

Wani abin da ya kamata a ambata, ko da a gefe ne, shi ne barin yaro ya yi gaba gwargwadon ƙarfinsa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A makarantar allo ba a jiran kowa. Wanda ya biya ya wanke allonsa a ɗora masa, ko da ya wuce yayansa. Abin da ya sa haka ta yiwu shi ne alaramman yana can gaba da kowane almajiri. Tsarin aji-aji da shekara-shekara ne ya zo ya ɗaure kowa da igiya guda.

Saboda haka, in za a sake tsara digiri na biyu a wannan fanni, shawararmu ita ce a raba shi tsakanin tsangaya biyu. Rabin darussan ɗalibi ya ɗauke su a sashen fanninsa, lissafi ko kimiyya ko Hausa ko tarihi, ya zauna tare da ɗaliban sashen, a yi masa jarrabawa da ma'auninsu. Ma'anar baiwa da tarihin fannin da gwaje-gwaje, waɗanda sukan cinye zango guda, a matse su, tun da masu tsarin ne da kansu suka koya mana matse manhaja. Dabarar gane yaro da ɗauke masa maimaici kuwa, da yake an ga tana koyuwa da sauri, a sauko da ita cikin horon kowane malami tun a kwalejin ilmi, kada a killace ta a bayan digiri. A maimakon kundin rarraba takardun tambayoyi a kan ra'ayin malamai, a bukaci ɗalibi ya ɗauki yara biyu ko uku na tsawon shekara, ya matse musu manhaja, ya rubuta da hannunsa aikin da ya ba su a madadi, ya kawo littattafan yaran gaban masu jarrabawa, kuma ɗaya daga cikin masu jarrabawar ya fito daga sashen fannin.